Jar Kuɓewar Bakin Ƙofa

Litinin, 18 ga Nuwamba, bayan sallar Asuba

Saura kwana ashirin da shida lambunmu ya cika shekara ashirin. Na sayi littafin nan ne don shirye-shiryen biki, rumfa da kujeru, wa zai buɗe da addu'a, wa za ta dafa me. Sai ga shi a shafin farko na zauna ina taunar biro. Shekara talatin da ɗaya na yi a rajistar ma'aikata ina jera fayil, ban taɓa rasa abin rubutawa ba sai yau.

Bari in fara da abin da na tabbatar. Filin na Malam Abdurrahim ne, a bayan makarantarsa nan Unguwar Dosa. Da can juji ne, leda da kashin awaki. Ni da aminiyata Rakiya muka je muka durƙusa gabansa muka roƙi aron wurin, ya ce in dai za mu kwashe sharar mu shuka har iya abin da Allah ya yi. Mu shida muka fara, da bokiti huɗu da rijiya ɗaya. Yanzu mu talatin da huɗu ne, kowace da fangalinta, ni ce kuma sakatare tun ranar farko don ba wadda ta yarda ta karɓa.

Na aika wa ma'aikatar da na bari takardar gayyata, sun ce za su turo mutum. Kansila zai zo, da 'yan rediyo. Hajara, wadda bakinta ba ya hutu, ta ce na mai da lambu ofis, saura in ce alayyafo ya riƙa sa hannu in ya fito. Na ce ta faɗi son ranta, amma kowa ta kau da tsofaffin buhunanta daga kan hanya kafin baƙi su gani.

Ranar Asabar da sassafe na je ni kaɗai da adda, na yi ɗan gyara a bakin ƙofa. Wurin ya yi fes.

Rakiya tana takaba. Mijinta Malam Sharhabil ya rasu farkon Agusta, za ta fita kwana biyu kafin biki. Duk Lahadi nake kai mata ganye in zauna mu yi hira har Magariba. Jiya ban je ba, kaina ke ciwo.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan Magariba

Yau muka yi taron mako. Hajara ce ta fara shigowa, ta tsaya cak a bakin ƙofa tana salati, har na baya suka yi karo da ita.

"Ina kuɓewar Rakiya?"

Dole in rubuta wannan sosai, ko don Nafisat 'yata in ta tsinci littafin nan wata rana. Fangalin farko in an shigo na Rakiya ne, nawa na biye da shi. Jar kuɓewa take shukawa, gajera mai kauri, guda uku sun isa tukunya yauƙi. Surukarta ce ta zo da irin daga ƙauyensu can wajen Soba, a ƙulle a bakin zane, shi ne abin da muka fara sa wa ƙasar nan. Tun daga lokacin Rakiya ce mai ajiye mana iri. Duk damina mijinta zai zaɓi karan da suka fi kyau ya ɗaura musu jan tsumma, ma'ana kada kowa ya taɓa, a bar 'ya'yan su bushe a jiki. Ranar zagayowar shekara sai ta zo da faifai ta raba wa kowace ƙwaya ashirin. Mu kuwa mu shuka, mu ci, da kaka mu tuge karan mu sa albasa da karas. Ba wadda ta taɓa wahalar da kanta da ajiye iri, ai akwai Rakiya. Na bana, Malam Sharhabil ne ya ɗaura tsumman da hannunsa mako guda kafin ciwo ya kwantar da shi.

Yanzu babu ko kara ɗaya. An sare su, an zuba a kan tarin sharar bayan katanga, an kuma cinna wa sharar wuta. Hajara ta ɗauki sanda ta tona tokar, ba abin da ta samu sai baƙaƙen kwasfa da suke marmashewa a hannu.

Duk suka juyo suna kallona, tunda ni ce sakatare. Na ce za a bincika. Ni kuwa na fi kowa sanin abin da kalmar nan take nufi a ofis.

An tsai da shawara kada a gaya wa Rakiya sai ta fita takaba, don kada a ƙara mata damuwa. Na yi saurin ɗaga hannu, har na ji kunyar saurin.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Mai rumfa ya ce uku gare shi, ɗaya ta yage. Na ce ya ɗinke.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, bayan La'asar

Magana ta koma kan Husaina. Shekararta biyu kacal da shigowa lambu, matar wani malamin firamare ce daga Badarawa, shiru-shiru, ba ta iya ja-in-ja ba. Ranar Asabar ɗin ita ce mai shara a jadawali, jadawalin da ni na rubuta. Da aka tambaye ta, ta ce e, ita ta kunna wa shara wuta da azahar kamar yadda ake yi, amma wallahi ba ta sare komai ba, ba ta ma duba abin da ke cikin tarin ba. Hajara ta ce to aljanu ne ke nan suka zo da adda. Wata ta ce baƙuwa ai ba ta san ma'anar tsumma ba, ta ga busassun kara ta ɗauka datti ne.

Husaina ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Ni na buɗe jaka ina neman wani abu da ban san mene ne ba.

Gaskiya ne dai ita ta ƙona. Ni ban ƙona komai ba. Sau uku na rubuta wannan a bayan takardar mai rumfa, har yanzu bai zauna mini ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da yamma

Na yanki alayyafo da lansir na ɗaure, na ba Shamsiyya maƙwabciyar Rakiya ta kai mata. Ban je ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da safe

Jiya da shekaranjiya na bi gida goma sha ɗaya da sunan duba shirin girki, ina saka zancen iri a tsakiyar hira kamar ba komai. Ko akwai wadda ta rage 'yan ƙwayoyi daga rabon bara? Babu. Ƙwaya ashirin ai ba abin ragewa ba ce. Wata baiwar Allah ta shiga ɗaki da murna ta fito mini da busasshiyar kuɓewa dakakka a leda, wai ta ja ce, na karɓa na yi godiya na kusa fashewa da kuka a tsakar gidan mutane.

Mu talatin da huɗu, shekara ashirin, duk mun rataya a wuyan mace ɗaya da faifanta. Na so in ji haushinsu a kan haka, amma ni ma ban taɓa ajiye ko ƙwaya ɗaya ba.

Baban Nafisat ya dube ni wajen karin kumallo ya ce, "Hansai, kwana biyun nan ba ki yi faɗa da kowa ba. Lafiya kuwa?" Na ce ya sha kokonsa.

Talata, 26 ga Nuwamba, bayan Azahar

Na je kasuwar Kawo. Wani tsoho mai sai da iri ya ce yana da jar kuɓewa, ya zuba mini a tafin hannu. Na sani ba ita ba ce, ya ce doguwa ce siririya. Amma a tafin hannu irin kuɓewa duk kamarsu ɗaya, 'yan ƙulu-ƙulu masu toka-toka.

Na tsaya ina lissafi a gabansa. In na ce na tsinto wasu kwasfa da wuta ba ta ci ba, in na zuba a faifai, wa zai gane? Sai damina, in sun fara 'ya'ya. Kafin nan biki ya wuce, zuciya ta yi sanyi, a ce ƙasa ce ta canza su.

Na saya. Suna ƙasan akwatina cikin tsohuwar safa.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da hantsi

Rakiya ta kira. Na bari sai da wayar ta kusa katsewa.

Ta ce na yi wuyar gani, ko na samu sabuwar ƙawa ne. Na ce shirin biki ne ya sha kaina. Ta ba ni labarin ƙafarta, da jikanta da ya fara haƙori, da yadda kwanakin nan na ƙarshe suka fi na farko tsawo. Can ta ce ko ina leƙa mata kuɓewar, kada ɓeraye su riga ta.

Na ce suna nan yadda Allah ya so.

Ta ce alhamdu lillahi. Muryarta har da ɗan daɗi a ciki, rabon da in ji haka tun kafin rasuwar.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, bayan Asuba

Na ɗauki rariyar tankaɗe na tafi lambu kafin kowa ya fito. Na durƙusa a fangalin Rakiya ina ɗibar ƙasar sama ina tankaɗewa, ko akwai kwasfar da ta fashe ta zubar kafin abin ya faru. Gwiwoyina sun faɗa mini shekaruna. Wajen awa biyu na samu ƙwaya tara, lafiyayyu.

Ina fitowa na tarar da Malam Abdurrahim a kan buzunsa a gindin dalbejiya, da carbi. Idonsa ya yi rauni sosai yanzu, amma kunnen nan nasa ko allura ta faɗi sai ya ji. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce Hajiya ana ta sammako kwanan nan, Allah ya ba da lada. Sannan ya ce waccan Asabar ɗin ma yana lazimi ya ji saran adda tun da sassafe, ya ce a ransa wannan mai himma ce.

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na yi masa sallama na kama hanyar gida.

Na shuka taran a gwangwanin madara, na ajiye a bayan kicin inda rana take bugawa. In suka fito, zan je wa Rakiya da su a hannu, in ce ga abin da ya faru amma ga gyara. Haka na saba. Ban taɓa kai wa maigida a ofis matsala ba tare da na haɗa da maganinta ba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Ban je ba.

Talata, 3 ga Disamba, bayan Magariba

Husaina ba ta zo taro ba, karo na biyu. Albasarta ta fara kwanciya. Na ba ta ruwa bayan kowa ya watse.

An karanta tsarin biki. Hajara ta ce a rubuta a saman takarda, Uwar Lambu, Hajiya Rakiya, aka yi tafi. Ni aka sa ni a ƙasa, mai karanta tarihin ƙungiya, minti biyar. Ba komai. Ni na yi zaryar ofishin ƙaramar hukuma sau ba adadi lokacin da aka so mai da wurin nan shaguna, ni na rubuta takardun da aka gyara mana rijiya, amma takarda ba ta yauƙi a miya, wa zai tuna ta? Ba yau na fara jin wannan ba, na daɗe ina haɗiyewa. Ina son Rakiya, Allah ya sani. Ina kuma jin haushin yadda ake son ta ba tare da ta nema ba. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba.

Alhamis, 5 ga Disamba, da safe

Gwangwani shiru. Sanyi ya sauko sosai, har ruwan randa yana cizon hannu.

Asabar, 7 ga Disamba, da hantsi

Na kasa haƙuri na tona da tsinke. Shida sun ruɓe, uku sun kumbura sun yi fari da funfuna. Na matsa ɗaya, ta fashe kamar dafaffen wake.

Na zauna a bakin murhu ban san iya lokacin ba. Baban Nafisat ya leƙo, ya ga gwangwanin, ya gan ni, ya koma. Da rana sai ga shi ya aiko mini da tsire, shi da yake cewa tsire ɓarnar kuɗi ne.

Lahadi, 8 ga Disamba, da yamma

Ban je ba. Na fiddo safar nan daga akwati na juye wa kaji. Su ma sun tsattsaga sun bari.

Talata, 10 ga Disamba, bayan La'asar

Husaina ta zo gidana da goyonta. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a bakin tabarma. Ta ce ta zo ta shaida mini ta bar lambu, a ba wata fangalinta. Mijinta ya ce tunda abin ya zama zargi ta haƙura. Amma kafin nan tana so in raka ta wurin Mama Rakiya ranar da ta fita takaba, ta nemi gafara.

Na ce gafarar me, tunda kin ce ba ki sare ba.

"Mama, ni na kunna wutar. Da na duba, da na ga jan tsumman. Kullum in na kwanta sai in ga kamar na gan shi ma na ƙyale. Na rasa gane gaskiyar da kaina."

Yarinyar nan sa'ar Nafisat ce. Mako uku tana ɗauke da kayana a kanta har ta fara yarda nata ne. Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko mata ruwa, na tsaya a bayan labule na toshe bakina. Da na fito na zauna a tabarmar kusa da ita na ce ni na sare su, ni na zuba a shara, ta yafe mini.

Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta dube ni kawai kamar an ce mata rijiyar lambu ta tashi ta koma unguwar Kinkinau. Ta ce ba komai Mama, ta gyara goyonta ta tafi.

Alhamis, 12 ga Disamba, bayan Magariba

Yau Rakiya ta fita takaba. Gidan cike da 'yan'uwa, an yi waina ana rabawa. Na jira sai da aka ragu, na ja ta ɗaki. Ta rame, amma ta yi lalle, ta sa atamfar da muka yi anko bikin Nafisat. Ta riƙe hannuna tana mitar na yashe ta.

Na gaya mata. Na ce ina gyaran bakin ƙofa ne saboda baƙi, gari bai gama wayewa ba, na ga busassun kara na sare, Husaina ta ƙona ba da sani ba. Na gaya mata zancen ƙwaya taran da gwangwani.

Ta saki hannuna ta zauna a bakin gado. Abin da ta fara cewa shi ne, da sanyin nan, Hansai, kuɓewa ba ta fita a sanyi, da kin kawo mini su na ajiye zuwa bazara. Sai hawaye. Ta ce shi ke nan abin da ya taɓa da hannunsa na ƙarshe.

Sannan ta share fuska ta tambaye ni, "Ba ki ga tsumman ba ne?"

Na ce da duhu-duhu, ban lura ba.

Ta ce to ƙaddara ce, wanda ya shuka ma ya tafi balle abin da ya shuka. Ta ce ta yafe duniya da lahira, kada in ƙara sa abin a raina, dubi yadda na zabge. Ita ce ma ta koma tana lallashina. Ta cika mini leda da waina, ta raka ni har bakin titi.

Na samu abin da nake nema mako huɗu. Wainar tana kan tebur, na kasa ci.

Juma'a, 13 ga Disamba, da yamma

Na tara mata a lambu na faɗa musu ni ce, ba Husaina ba. Hajara ta buɗe baki ta rufe, karo na farko a tarihi. Daga baya ita da wasu biyu suka tafi Badarawa ba da haƙuri. Husaina ta ce za ta dawo.

An kafa rumfa. Wadda aka ɗinke ɗin ta sake yagewa.

Asabar, 14 ga Disamba, bayan Magariba

An yi biki, an tashi lafiya. Malam Abdurrahim ya buɗe da addu'a, ya ambaci matanmu bakwai da suka rasu cikin shekarun nan da sunayensu, bai manta ko ɗaya ba, ya haɗa da Malam Sharhabil. An ci dambu da zogalen lambu, an sha zoɓo. Na karanta tarihina, lasifika tana ta shaƙewa.

Baƙon ma'aikata ya zo a makare. Motarsa ta kasa shiga lungun, sai aka bi da shi ta ƙofar baya wajen rijiya. Ya yi minti goma sha biyu, ya ce a ci gaba da ƙoƙari, ya fita ta inda ya shigo. Ko kallon bakin ƙofa bai yi ba.

Da lokacin rabon iri ya yi wuri ya yi tsit, don kowa ta sani. Rakiya ta miƙe da faifanta, babu komai a kai. Ta ce bana babu jar kuɓewa, kuma mai yiwuwa babu ita ke nan, Allah ya ba mu aronta shekara ashirin ya karɓi abinsa. Ta ce laifin na kowa ne har da ita, da ta bar iri a hannu ɗaya. Daga bana kowace mace ta ware kara biyu na duk abin da ta shuka ta ɗaura musu tsumma, baɗi a cika faifan nan da hannu talatin da huɗu.

Sai ta juyo wajena. Ta ce kada ta ji wadda ta ƙara yi wa Hansai gori, kuskure ne na duhun asuba, kowa zai iya yi. Ta ce ba don Hansai ba da wurin nan shaguna ne yanzu, ta faɗi zaryar ƙaramar hukuma, ta faɗi rijiya, abubuwan da na ɗauka ba wanda ya riƙe. Aka yi ta tafi. Mai rediyo ya miƙo mini abin ɗaukar magana, na ce murya ta dishe.

Shekara ashirin ina jiran a faɗi wannan a gaban mutane. Yau an faɗa, na ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji.

Lahadi, 15 ga Disamba, bayan sallar Asuba

Gari ya waye tas a ranar da na sare kuɓewar. Har launin tsumman na gani. Na kama na farko da hannun hagu na ɗaga, sannan na sara a ƙasansa.

Ranar sadakar arba'in ɗin mijinta kuma Rakiya ta ce mini a kunne, a bar mata masu tsumman sai ta fito, ita za ta cire da hannunta. Na ce to.

Lahadi, 15 ga Disamba, bayan Magariba

Na je.

Na same ta a tsakar gida tana gyaran shinkafa. Ta yi murna, ta jawo mini kujera, ta fara ba ni labarin yadda Hajara ta yi rawa jiya har ɗankwali ya faɗi. Na ce ta tsaya, akwai saura.

Na ce na ga tsumman. Na ce na tuna abin da ta ce mini ranar arba'in, ina tsaye da addar ma na tuna. Na ce a raina ai ba za a rasa ragowar bara a ɗakinta ba, ban tambaya ba don kada a ce mini babu. Ta tambayi dalili, a hankali, ba faɗa. Na ce don kada mutanen ofishinmu su shigo su fara cin karo da busassun kara da tsummokara. Sannan na ƙarasa, na ce kuma don na gaji da komai na lambun nan ya zama ita.

Ta ci gaba da tsince tsakuwa daga shinkafar, ɗaya, biyu, tana ajiyewa a gefen tire. Aka kira sallah a masallacin layinsu, ba wadda ta motsa.

"Yafiyar da na yi miki ranar Alhamis ta wancan laifin ce, Hansai, wanda ba ki gani ba. Wannan ban san shi ba sai yanzu. Ki ba ni lokaci."

Na ce nawa. Ban san me ya sa na tambaya ba, halin ofis ne, komai sai an sa masa rana. Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Ta tashi ta raka ni, amma iya zaure. Ta ce ranar Talata za ta shigo lambu ta fara gyaran fangalinta, in na riga ta zuwa kada in taɓa mata komai, ko ciyawa ce.